Wanda Aka Binne Ƙarshe a Kilmaroy

Kilmaroy, Satumba 1871

Zuwa ga Hector, ɗan 'yar'uwata Marsali, a Glasgow.

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, in ka cire bayan nan nawa da ke sanar da ni zuwan ruwa tun kafin gajimare ya sani. Ƙanwarka Effie lafiya. Dankalin bana ya yi kyau, kifi ya yi ƙaranci. Uwarka tana kwance, ita ce dalilin takardar, amma ka bari in biyo ta hanyata, ba a koya wa tsoho yanke.

Tun ina ƙarami na ji kakata tana cewa wanda aka binne ƙarshe a maƙabarta ba ya kwanciya. Wai tsayuwa yake yi a bakin ƙofa yana gadin sauran, ruwa da iska, sai ran da aka kawo wani ya karɓe shi. Har ta ce a zamaninta an taɓa fito da gawa biyu rana ɗaya, dangi suka dire akwatuna a hanya suka kama dambe kan wa zai riga shiga. Na ji, ban gaskata ba, don ita ce kuma ta rantse ta taɓa jin saniya ta yi magana. Na tsufa ina ƙera akwatin gawa a garin nan, ban taɓa ganin wanda na rufe da ƙusa ya fito gadi ba.

To ga inda zancen ya iso gidanku. Teku ta ci gefen tsohuwar maƙabarta, har bara an tsinci ƙashin cinyar wani a bakin ruwa, gida uku suna rigimar nasu ne. Wakilin mai ƙasa da limamin coci sun yanke magana: ƙarshen Nuwamba a sa mata kwaɗo, kowa ya koma sabuwa da aka kewaye a kan tudu. Ka gane ko? Wanda ya shiga ƙarshe ba mai karɓarsa. Gadi ke nan har busa ƙaho.

Mutum biyu ne a kwance a garin nan: uwarka, da Ewen mai gidan niƙa. Ka san tsakaninsu. Tun kafin a haife ka take cewa mudun da yake ɗebe ladan niƙa da shi ya fi wanda yake aunawa zurfi, shi kuma yana cewa harshenta ne ya kai ubanka kabari. Na ce mata ga sabuwar maƙabarta nan, ƙasa busasshiya, ni ma can zan kwanta. Ta ce ubanka yana tsohuwar maƙabarta, ba za ta bar shi ya sarara ba.

Jiya na leƙa ta. Ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Tormod, ɓarawon nan yana numfashi?"

"Yana yi. An ce har ƙwai ya ci."

"Allah ya ƙara masa lafiya," in ji ta. "Effie! Kama baƙar kazar nan ki kai masa, a yi masa romo."

Kafin yamma sai ga ɗan Ewen da buhun gari mai laushi, wai in ji ubansa a dama mata ta sha ta samu ƙarfi. Uwarka ta sa aka auna. Ya cika har da gyara. Ta ce, "Tsinanne! Shekara da shekaru bai taɓa cika mini mudu ba sai yau da yake so in daɗe." Ta ƙi sha.

Abin dariya ne, ni ma na yi. Amma da na tashi tafiya ta riƙe mini hannun riga, ta ce, "Kar ku bari a bar ni a ƙofar nan ni kaɗai." Na riga na fere mata akwati na farin katako mara nauyi. Kai kuma in kana so ka same ta da ido buɗe, ka hau jirgin ruwa.

Kawunka,
Tormod Matheson, kafinta


Glasgow, Oktoba 1871

Kawu Tormod,

Takardarka ta iso, na gode. Ni da maiɗakina muna lafiya, sai hayaƙin gari. Ina fatan bayan ya yi sauƙi.

Na karanta wa abokan aikina labarin mai gadin maƙabarta, har babban akawu ya share hawaye don dariya. Ni ban yi ba, kunya na ji. A zamanin da ake aika magana ta waya a ƙarƙashin teku, ku kuna can kuna raba wa matattu aikin gadi! Me limamin coci yake yi? Kai ma da kake cewa ba ka gaskata ba, ka cika takarda da shi.

Game da Inna, hankalina ya kwanta. Wadda ke rabon kaji tana sa a auna gari ba ta kusa mutuwa ba. Na san ta, kowane sanyi sai ta yi mana bankwana. Aiki ya yi yawa a kamfani, ba zan iya tashi yanzu ba.

Na kuma lura sau biyu ka ambaci sana'arka. In ciniki kake nema, ka huta. Ba za a sa uwata a katakon da ake zuba kifi ba, mutane su ce ɗanta yana Glasgow bai tsinana mata komai ba. In abin ya zo, daga nan za a kawo akwati, kuma ba wanda zai binne ta sai na iso. Na rubuta wa Effie haka, ta san ba na magana biyu.

Ɗanka,
Hector Gillanders


Kilmaroy, Nuwamba 1871

Hector,

Gaisuwa. Bayana yana nan yadda ka bar shi, tun da ba ka taɓa ɗaukarsa ba. Wayar tangarahon da Effie ta sa aka buga maka ta riga ni, to ba sai na yi kwana-kwana ba. Uwarka ta rasu ranar Litinin da hantsi. Allah ya ji ƙanta, ya ba ku haƙuri. Ka gaishe mini da babban akawu, ka ce masa mai rabon kajin ta gama rabo.

Ina wurin. Maganarta ta ƙarshe ba addu'a ba ce, kada wani ya yi maka ƙarya. Cewa ta yi, "Yana nan?" Na ce yana nan, da safe ma an ji tarinsa daga hanya. Ta ce, "To na riga shi." Ta yi murmushi irin wanda ban gani a fuskarta ba tun ran da aka ci Ewen tara a kasuwa. Shi ke nan.

An haƙa kabari kusa da na ubanka. Na ɗauko akwati a kafaɗa na kawo ƙofar gida. Sai na tarar da Effie ta tsaya a bakin ƙofa, takardarka a hannu kamar mai riƙe da Littafi.

"Kawu, Yaya ya ce a jira."

"Yayanki yana can yana shaƙar hayaƙi. Matsa in shiga."

"Ya ce ba ya magana biyu."

"Ai ɗayar ma ta yi yawa. Ke ba ki ji abin da ta roƙa ba?"

Ta fashe da kuka, amma ba ta matsa ba. Yarinyar da ta yi shekaru tana juya uwarku a gado, tana tsoron ɗan'uwan da take gani sau ɗaya a shekara uku fiye da gawar da ke bayanta. Ga kuma amsarka ta waya, kalma biyu tak: ku jira. Na mayar da akwatina shago.

Yanzu muna zaune da ita a ɗaki mai sanyi, muna jiran jirgin Alhamis. 'Ya'yan Ewen sun zo gaisuwa su uku, huluna a hannu, idanu suna yawo. Babban, Lachlan, ya ce, "Yaushe za a kai ta?" Effie ta ce sai Yaya ya zo. Na ga sun kalli juna. Tun ranar an daina ba tsohon ƙwai. An ce har taga suka buɗe masa, wai ya sha iskar teku.

In takardar nan ta same ka a kan kujera, to ka tashi.

Tormod


Glasgow, Nuwamba 1871

Kawu,

Ina rubutu cikin gaggawa da baƙin ciki. Ina fatan kuna lafiya. Wannan takarda za ta zo tare da akwatin, a jirgi ɗaya. Na so in biyo shi, amma lissafin ƙarshen shekara ya taso, maigidana ya ce in na tafi kada in dawo. Ina da iyali.

Akwatin irin na manyan mutane ne, an shimfiɗa masa dalma a ciki, da mariƙan tagulla. Ku ɗauke ta a natse, cikin mutunci, ba irin yadda kuka saba ba. Kwana kaɗan na jira ba zai cuce ta ba, ta riga ta huta. Ka rarrashi Effie.

Hector


Kilmaroy, Disamba 1871

Hector,

Gaisuwa. Muna lafiya, sai dai mutum huɗu a garin nan ba sa iya ɗaga hannu sama, sanadinka. Takardunmu sun saɓa a hanya, na ga taka a jikin akwati. Ka ce a ɗauke ta a natse. Bari in gaya maka irin natsuwar.

Ewen ya cika ran Laraba. Da yamma Lachlan ya zo shago yana neman akwati kafin gari ya waye. Na ce masa katako ya jiƙe, zarto ya dakushe, ni kuma ga baya. Na ce ya ba ni zuwa Litinin. Ya dube ni, ya dubi kusurwa inda na jingine na uwarka.

"Wancan fa, Baba Tormod?"

"Na mace ne. Gajere."

"An ce an ƙi shi."

"Ubanka dogo ne."

"Ya rage tsawo da ciwo," in ji shi. Shi da ƙannensa suka ɗauke, ina ji ina gani. Na ji daga baya sai da suka lanƙwasa wa tsohon gwiwa.

Ran Alhamis naka ya sauka. Rabin gari ya taru a gaɓa kallo. Mutum shida suka kama, ko motsi bai yi ba. Wani ya ce ko ka riga ka shiga ciki ne. Da ƙyar aka ja shi gida a kan keken kifi, yamma ta yi, dole a bari sai safe. Mai haƙa kabari ya zo ya auna, ya koma yana zagi, don sai an ƙara wa ramin faɗi.

Juma'a da safe muka fito, su ma suka fito. Gidanku ya fi gidan niƙa kusa da maƙabarta nesa ba kusa ba, ko gurgu ya sani. Amma ka manta hanyar gawa, ko ba ka taɓa sa mata kafaɗa ba: siririya ce, taɓo dama da hagu, keke ba ya bi. Maza takwas a ƙarƙashin dalmarka, kowane taku sai ƙafa ta nutse. A tarin duwatsu na farko muka sauke, kamar yadda aka saba, kowa ya ɗora dutsensa, aka zaga da wiski da cuku. Ba don al'ada kaɗai ba, mutane sun kusa suma.

Muna nan sai muka hango su daga kan tudu. Hector, gudu suke yi. Mutum huɗu, akwatina a kafaɗa yana rawa kamar kwandon wanki. Da suka iso nasu tarin ba su tsaya ba, jifa kawai suka yi masa da duwatsu, kwalba tana wucewa hannu zuwa hannu suna tafe.

Na ce, "Ku ɗauka, 'yan banza, ku ɗauka!"

Murdo maƙeri ya ce, "Zo ka sa taka kafaɗar, tsoho. Wannan ba gawa ba ce, maƙera ce!"

Duk da haka mun riga su isa ƙofa. Ka ji? Mun riga su. Sai mariƙan tagullarka suka ƙi shiga. Ƙofar nan kakanninmu suka gina ta daidai faɗin talaka. Muka karkata, muka ja baya, muka sake turawa, akwati ya cije tsakanin duwatsu, ba gaba ba baya. Murdo ya ce ai shi ke nan, mun toshe, su ma ba su da hanya. Har ya fara dariya.

Lachlan bai ko dubi ƙofar ba. Biyu suka haura katanga, biyu suka miƙa musu tsohon ta sama, kamar ana miƙa burodi ta taga. Kafin mu kwance mariƙan da guduma, mun ji ƙarar ƙasa a kan farin katako. Aikina ne, na san muryarsa.

Lachlan ya leƙo ta kan katanga, gumi yana zuba, ya cire hula. "Ku yi haƙuri, Baba Tormod. Allah ya ba ta ƙafar tsayuwa."

Murdo ya kai masa naushi, aka kaure. Limamin coci ya iso yana haki yana cewa wannan aikin jahilai ne, za a ji shi ran Lahadi. An kuwa ji shi, wa'azi mai tsawo, kowa ya gyaɗa kai, kowa ya fito da abin da ya shiga da shi.

An binne ta cikin mutunci, ba mariƙi. Saura 'yan kwanaki wata ya ƙare, duk Kilmaroy ba wanda ya yi mata kara ya mutu. Tsofaffi suka daina fita don kallon da ake yi musu. Ni kaina Effie ta kawo mini romo, ta zauna tana sauraron ƙirjina. An sa kwaɗo.

Ni dai ban ce tana tsaye a ƙofar ba. Abin da na sani, ta mutu tana murna, kuma da katakon kifi aka kai abokin gabarta ya kwanta.

Tormod


Glasgow, Fabrairu 1872

Kawu Tormod, ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa da girmamawa. Yaya bayan? An ce mini kana tari tun shigowar sanyi, abin ya dame ni ƙwarai. Ka rubuto mini gaskiyar yadda kake ji.

Na daɗe ban amsa ba, ban san me zan ce ba. Matar liman ta rubuto mini cewa kullum da rana Effie tana zuwa ƙofar tsohuwar maƙabarta ta tsaya, ko ana ruwa, wai tana taya Inna hira. Ta rame, ta ƙi zuwa wurinmu, ta ce ba za ta bar ta ita kaɗai ba. Ni ban canza ra'ayi ba, camfi camfi ne. Sai dai ba na barci sosai. Ina rufe ido sai in ga Inna a ƙofar da mayafinta a jiƙe.

Ga wani albishir. Na tuna Inna Ishbel, matarka, a tsohuwar maƙabarta take. Na ga bai dace a raba miji da mata ba. Na yi ta kai da kawowa wurin lauyan mai ƙasa, har ya yarda a buɗe kwaɗon sau ɗaya, saboda kai kaɗai, in lokacinka ya yi. Ba sai ka gode mini ba. Kowa ya san wanda aka kai daga baya shi ke karɓar na gabansa, wato a faɗar mutanen gari, kuma hakan zai kwantar wa Effie da hankali.

Ka kula da tarin nan. Ka sanar da ni ko yana ƙaruwa.

Ɗanka mai biyayya,
Hector


Kilmaroy, Maris 1872

Zuwa ga Hector mai biyayya.

Gaisuwa. Tari ya warke sarai, ka yi haƙuri. Jiya na cinye kifi biyu. Na kuma sayi ɗan alade, irin wanda sai an yi shekara biyu ana kiwo.

Tun da nake ban taɓa samun kyauta irin taka ba. Wasu 'ya'ya sukan aiko wa tsoho da taba ko safa. Kai ka aiko mini da gadi na har abada, ka naɗe shi da sunan matata. Ishbel da kake tausayi, da bakinta ta ce mini in na mutu in nemi wuri nesa, ta gaji da minsharina. Na riga na zaɓi gefena a kan tudu, inda rana ke faɗawa.

Na so in mayar maka da takardar lauyanka a cikin kwandon kifi. Sai na bi ta maƙabarta ran Talata, ana yayyafi. Effie tana nan jingine da ƙofa, leɓe ya yi shuɗi, tana ba kwaɗo labarin kaji. Na tsaya na dube ta. Na ce, "Ke, wuce gida. Ni zan karɓe ta."

Ta ɗago. "Da gaske, Kawu?"

"Na taɓa yi miki wasa?"

Ta share fuska. Sai ta ce, "Yaushe?"

Jininku ɗaya, ba shakka. Na ce mata sai na ci aladena. Ta yi dariya, karo na farko tun Nuwamba, ta leƙa ta tsakanin ƙarafa ta ce, "Inna, kin ji, ki ƙara haƙuri kaɗan." Ta bi ni muka tafi. Yanzu ran Lahadi kaɗai take zuwa, kuma ta ce za ta zo muku da bazara. Ka ba ta ɗaki mai murhu, kada ka sa ta wanke wa matarka tukwane.

Saboda haka ka gaya wa lauyanka na karɓa. Ba don kai ba. In babu komai a ƙofar, na kwanta kusa da Ishbel ta sha minshari. In kuma akwai, to daga nan ana ganin gaɓa tas, zan ga ko akwai Alhamis ɗin da za ka sauko daga jirgi. Akwatina ni zan ƙera, kada ka kuskura ka aiko da komai.

Har yau ban ce na gaskata ba. Zance ne na ji a bakin mutane, kuma ka san irin mutanen: tsohuwa mai jin maganar shanu, mashaya a bakin gaɓa, mace da zazzaɓi ya ci ƙarfinta. Wanda ya faɗa mini na ƙarshe dai ba ya cikinsu. Wani akawu ne a Glasgow, mai agogon zinariya, sunansa Hector Gillanders. Ka karanta wa abokan aikinka wannan ma.

Kawunka, da ransa,
Tormod Matheson